Sana'ata ta WhatsApp take tafiya: yaya zan huta da waya ba tare da na rasa masu saye ba?

Mai Atamfa: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida, kuma kusan duk cinikin ta WhatsApp nake yin sa, tun daga tura hotuna har zuwa jiran shaidar shigar kuɗi. A 'yan watannin nan idanuna suna zafi da yamma, barci kuma ba ya ɗaukata sai dare ya raba, shi ya sa nake tunanin ajiye wayar na mako guda. Abin da nake tsoro shi ne kada masu saye su koma wurin wasu, ga shi lokacin bukukuwa ya matso. Ina neman shawararku.

Ma'aikaciyar Jinya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan mutum ya ƙura wa waya ido, ƙiftawarsa tana raguwa sosai, sai danshin ido ya bushe, daga nan zafi da ƙaiƙayi su biyo baya, abin kuma ya fi tsanani da hunturu saboda ƙura da bushewar iska. Likitocin ido suna ba da shawarar cewa bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisan kimanin mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. A ganina wannan ya fi miki hutun mako guda amfani, domin ranar da kika koma wa tsohon halinki ciwon zai dawo. Idan zafin bai lafa ba, ki je a auna idon, musamman idan shekarunki sun haura 40, wataƙila tabarau kike buƙata.

Ɗan Kwari: Hajiya, kafin ki yanke hukunci, ki shiga saitin wayarki ki buɗe Digital Wellbeing, ko Screen Time idan iPhone ce, za ki ga sa'o'in da kowace manhaja take cinyewa a rana. Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwa muna fakewa da ciniki, alhali TikTok da leƙen abin da mutane suka ɗora ne suke kwashe rabin yinin. Ki koma WhatsApp Business, ki rubuta lokutan aikinki, ki kunna saƙon da ke amsa wa mutane da kansa idan kin tashi, sannan ki tanadi ƙaramar waya mai madannai domin kiran gaggawa. Ai ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cak na kusan sa'a 6, kuma ba a ji kasuwa ta watse ba.

Malamin Sakandare: Alhaji, na yarda da kai a kan ƙaramar waya, amma misalin sa'a 6 bai gamsar da ni ba, domin a ranar kowa abin ya shafa, babu wanda ya ƙwace wa wani mai saye. Hajiya kuwa ita kaɗai za ta ɓace, abokan gasarta suna nan suna ɗora sabon kaya. Wanda ya ga halin da masu sana'a suka shiga a Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa har mutane suka riƙa tafiya wasu jihohi don su yi kira ko su tura kuɗi, ya san yankewa gaba ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Shawarata ita ce ta kashe data bayan sallar isha'i, ta bar wayar tana caji a falo, kada ta sake taɓa ta sai an karya kumallo.

Mai Atamfa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba saitin kamar yadda Alhaji ya ce, kuma TikTok ce a sama, WhatsApp tana biye. Zan fara da shawarar Malam daga daren yau. Sai dai ina da masu saye a Saudiyya da Ingila waɗanda ba sa samun sukuni sai da dare, shin saƙon nan mai amsa kansa ana iya keɓe wasu lambobi daga cikinsa?