Shin akwai amfani in gabatar da maƙala a taron ɗalibai alhali kundina bai kammala ba?

Ɗalibar aji huɗu:

Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen Hausa, kuma kundin digirina ya shafi waƙoƙin daka da niƙa waɗanda na naɗo daga bakin tsofaffin mata a garinmu. Malamin da ke duba aikina ya ce in aika da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙala, zuwa taron ƙara wa juna sani na ɗalibai da za a yi a wata jami'a, amma babi uku kawai na rubuta, ga kuɗin mota da na rajista, sannan ina tsoron kada wani ya ji batun ya riga ni wallafawa. Waɗanda suka taɓa halartar irin wannan taro, mene ne kuka samu wanda ya kai wannan ɗawainiya?

Ɗalibin digiri na biyu:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rashin kammala kundin shi ne ma babban dalilin zuwa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da nake aji huɗu na gabatar da maƙala a kan kalmomin aro a bakin kanikawan mota. An ba kowa minti goma sha biyar, kuma ina cikin shafi na uku wuta ta ɗauke, majigi ya mutu, sai na ci gaba da takarda a hannu tana kaɗawa saboda rawar jiki. Da na gama, wata ɗaliba da ban taɓa gani ba ta tambaye ni ko kanikawan da na yi hira da su duk na gareji ɗaya ne. Gaskiya na gareji ɗaya ne, maigidansu ɗaya, saboda haka abin da na kira harshen kanikawa bai wuce sarar yaran mutum guda ba. Na koma na ƙara wurare uku, kuma bayan wata huɗu mai jarrabawa na waje ya yi mini wannan tambayar a ranar kare kundi, na amsa masa hankali kwance.

Malaminki da abokan karatunki sun saba da aikinki har idonsu ya daina ganin giɓinsa, amma baƙo ba ya jin nauyinki. Bayan haka, matse aikin wata shida cikin minti goma sha biyar yakan tilasta wa mutum ya gane abin da yake son faɗa, domin dole ya zubar da dogon bitar ayyukan da suka gabata ya tafi kai tsaye ga abin da ya gano.

Malamar jami'a:

Ƙanwata, game da tsoron sata, al'amarin akasin yadda kike zato ne. Tarurrukan da aka tsara da kyau sukan buga littafin tsakure mai ɗauke da sunan mai maƙala da jami'arsa da kwanan wata, kuma wannan shaida ce da kundin da ke ajiye a kwamfutarki ba zai ba ki ba. Ba a kuma bukatar ki baje duk waƙoƙinki. Ki zaɓi biyu ko uku, ki kunna wa masu sauraro muryar matan tare da bugun taɓarya, bayan kin nemi izininsu, sannan ki yi nazarinsu sosai. Wanda ya zo daga Sakkwato ko Katagum zai iya gaya miki cewa ana rera baitin nan a wurinsu da wasu kalmomi dabam, kuma irin wannan bayani ba ya cikin ɗakin karatu.

Ki lura da abu ɗaya: akwai tarurrukan da ke karɓar kowane tsakure cikin kwana ɗaya muddin an biya kuɗi, kuma takardar shaidarsu ba ta da daraja a idon masana. Ki duba ko sashen wata jami'a ne ko sananniyar ƙungiya ta shirya taron. Wanda ya fara a taron ɗalibai shi ne yakan iya tsayawa gobe a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Masana Kimiyyar Harshe ta Nijeriya, ko ya gyara maƙalarsa ya aika wa mujalla irin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero.

Tsohon ɗalibi:

Ban musa abin da Malama ta faɗa ba, amma kada a raina maganar kuɗi. Tallafin halartar taro na TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi, na ma'aikatan manyan makarantu ne, ɗalibi ba ya cikin lissafi, don haka aljihun iyaye ne zai ɗauki nauyin, kuma taron ba zai ƙara miki maki ko ɗaya a sakamakonki ba. Idan tafiyar za ta cinye kuɗin buga kundi da ɗaure shi, ki roƙi shugaban sashe ya ba ki rana ki gabatar a gaban malamai da ɗaliban wasu sassa, musamman na tarihi da nazarin zamantakewa, waɗanda tambayoyinsu za su bambanta da na mutanen sashenku.

Ɗalibar aji huɗu:

Na gode ƙwarai. Tambayar garejin nan ta taɓa ni, domin matan da na naɗa su shida ne, kuma biyar daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Zan koma ƙauyukan da ke kusa kafin in aika da tsakuren. Malama, shin ya dace in ambaci sunayen matan a maƙalar, ko shekarunsu da unguwarsu sun wadatar?