Neman shawara: ruwa na tsattsafowa daga daɓen ɗakin ajiyata

Mai tambaya, daga yankin Auyo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ɗakin ajiyar shinkafa wanda daɓensa ya koma ƙasa da titi tun lokacin da aka cike hanyar unguwarmu da marmara. Duk shekara, daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, ko da ba a yi ruwan sama ba, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ta gindin bango har ya kai idon sawu, buhunan ƙasa su yi funfuna. Ɗana ya ce a Amurka, inda ake gina ɗaki a ƙarƙashin gida, rami ake haƙawa a sa injin da ke tashi da kansa ya kwashe ruwan. Shin wannan dabara za ta yi amfani a wajenmu?

Wani mai aikin famfo, daga Hadeja:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Za ta yi, matuƙar daga ƙasa ruwan yake fitowa. A haƙa rami mai zurfin kamar santimita 60 a kusurwar da ta fi gangare, a saka rabin durom na roba da aka hudhuda gefensa, sannan a zagaye shi da tsakuwa domin ta tare yashi. Kada ka sayi sumo na rijiyar burtsatse, domin ruwa mai tsabta aka yi shi dominsa, laka kuwa nan da nan take cinye shi. Ka nemi injin nutso na ruwan datti, mai ƙwallon roba da ke yawo a saman ruwa, wadda ke kunna shi idan ramin ya cika, ta kashe shi idan ruwa ya janye. A bututun fita kuma a ɗaura bawul mai hana ruwa komowa.

Wani mai haɗa sola, daga Gumel:
Alhaji, ka fara lissafin wuta tukuna. Inji mai rabin ƙarfin doki kusan wat 370 ne, amma wutar da yake ja ta fi haka, lokacin tashi kuma yana jan ninkin haka sau da yawa, saboda haka ƙaramar inbata ba za ta ɗauke shi ba. Kwanakin marka kuma rana ba ta fitowa sosai, dole sai da batir. Soket ya zauna sama a bango, kuma kada kowa ya taka ruwan alhali waya na jone.

Wani dattijo, daga Ringim:
Ɗana, shawarwarin nan duk na kirki ne, sai dai ka bambance ruwan tsattsafi da ambaliya. Idan kogin Hadeja ya tumbatsa, ga ruwan madatsun Tiga da Challawa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, kamar yadda muka gani a 2022, babu injin gida da zai tsare maka ko buhu ɗaya. Saboda haka ka gina dakali ka jera buhunan a kan katako nesa da bango, ko da injin yana aiki. Abin da ya fi damuna shi ne inda za ka zubar da ruwan. Idan kusa ka sake shi, ƙasa za ta shanye ya dawo maka. Idan kuwa ya kwanta a gindin katangar ƙasa ta maƙwabcinka, ka ɗauki haƙƙinsa. Ka sanar da mai unguwa, a ja bututun har kwalbati.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, Allah ya saka muku da alheri. Kwalbati na bayan masallacinmu, kuma dakalin zan fara ginawa kafin damina ta kankama.