Kun taɓa ganin abu da idonku, da dare kuma kuka ga labarinsa a talabijin?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Mu malamai mun fita tattaki saboda albashinmu da aka riƙe. Tun safe har bayan azahar muna tafe cikin lumana, tsofaffinmu a gaba, har da mai dogara sanda. Dab da za mu watse sai wasu samari uku da ba mu san daga inda suka ɓullo ba suka cinna wa taya wuta a bakin titi. Ko minti biyar ba a yi ba muka kashe ta da hannunmu.

Da dare na kunna labarai. Tashar farko, wadda kowa ya san mai ita yana tare da masu mulki, hayaƙin tayar nan ta riƙa maimaitawa, an rubuta a ƙasan allo wai tarzoma ta ɓarke. Na sauya zuwa ta 'yan adawa, su kuma suka ce dubun dubatar jama'a ne suka fito suna neman gwamnati ta sauka. Babu wanda ya ambaci saukar kowa a cikinmu, albashi muka je nema. A cikin tashoshin biyu babu wadda ta faɗi wata nawa muke bin bashi. Mahaifiyata ta kira ni tana kuka, ta ɗauka an ji mini rauni. Don Allah duk wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya ba mu labari, ya kuma faɗa mana inda ya koma neman labarai daga baya.

Tsohon Mai Tace Bidiyo:
Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba ku haƙƙinku. Shekara 11 na yi a ɗakin labarai, don haka bari in faɗa miki yadda hayaƙin nan ya kai ga allo. Mai ɗaukar hoto zai dawo da bidiyon minti 40, ni kuma daƙiƙa 90 aka ba ni. Yanka dole ne, kuma wuta ta fi dattijo mai sanda ɗaukar ido. Wannan ko babu siyasa haka za a yi.

Amma akwai wanda da gangan ne. Ba zan manta da wani shugaban ma'aikata ba. Abin da ya faɗa shi ne su ba sa son yajin aiki, amma idan aka ƙi sauraronsu za su rufe ko'ina. Shugaban sashenmu ya tsaya a bayana, ya ɗora yatsa a kan allo ya ce in fara daga "za mu rufe ko'ina". Na danna. Ban ƙara wa bawan Allah nan kalma ko ɗaya ba, muryarsa ce, fuskarsa ce, amma na yi masa ƙarya, har gobe abin yana cina. Muna kuma da wata dabara: a nuna fuskar ɗan adawa bakinsa yana motsi, amma muryar mai karanta labarai ce ke fita tana faɗin abin da aka ga dama.

Kada ki ɗauka mai tashar yana buga waya kullum. Ba ya bukata. Kowa a gidan ya san wanda ke ba da talla mafi tsoka, ya san a hannun wa lasisi yake, wanda kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2018 an haɗa wani bidiyo a Amurka inda masu karanta labarai na tashoshi da dama, duk mallakar kamfanin Sinclair, suke karanta rubutu iri ɗaya kalma da kalma. Mutane sun yi ta mamaki, ni kuwa da na kalla tsohon teburina kawai na tuna.

Baƙo a Amurka:
Yaya mai tacewa, gaskiyarka, sai dai ka bar mutum ɗaya a baya, wato mai kallo. Bayan zaɓen shugaban ƙasar Amurka na Nuwamban 2020 ina aiki tsakanin mutum biyu, ɗaya tashar Fox News yake kallo, ɗayan tashar MSNBC. Mutanen kirki ne duka, amma idan suna magana sai ka rantse ba ƙasa ɗaya suka kwana ba. Na farkon ya yi imani har zuciya cewa na'urorin ƙirga ƙuri'a ne suka sace zaɓen. Da kamfanin Dominion, mai na'urorin, ya kai Fox kotu, an fito da saƙonnin cikin gida da suka nuna wasu manyan masu gabatarwa ba su yarda da zargin ba, amma ana tsoron masu kallo su gudu zuwa wata tashar. A watan Afrilun 2023 Fox ta amince ta biya dala miliyan 787.5 aka rufe shari'ar. Na nuna wa abokin nawa labarin, ya karanta ya miƙo mini wayata, bai ce uffan ba. Daga ranar ban sake ɗaga masa maganar ba.

Can baya akwai ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin na ƙasar su ba ɓangarori mabambanta dama a kan batutuwan da ake taƙaddama a kai. An kafa ta a 1949, aka soke a 1987, ko da yake dama ba ta shafi tashoshin kebul ba. Yau kowace tasha ta san irin mutanen da ke kallonta, abin da ransu ke so kuma shi take ba su.

Hajiya Uwar Biyu:
Ni kam fushi na yi na daina kallon labarai gaba ɗaya, na koma wa abin da mutane ke turowa a WhatsApp, ina cewa ai waɗannan ba mai biyan su. Wata rana aka turo bidiyon sojoji suna dukan mutane, an rubuta wai yau da safe ne. Jikina na rawa na tura wa duk dangi. Ƙanina da ke kan hanya ya juya da mota, ya fasa zuwa asibiti ganin matarsa. Da yamma ɗiyata ta zauna kusa da ni, ta tsayar da bidiyon, ta zuƙo lambar wata mota da rubutun wani allon talla. Ashe ba ƙasarmu ba ce ma, kuma bidiyon ya shekara huɗu. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, amma wasu sun riga sun tura gaba. Don haka Malama, ki yi hattara da wancan ɓangaren ma.

Ɗalibin Aikin Jarida:
Mama, abin da 'yarki ta yi shi ne ainihin aikin. Wayar talaka tana da ƙarfi idan an riƙe ta da amana. Ranar 25 ga Mayun 2020, wani baƙar fata mai suna George Floyd ya mutu a hannun 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka, amma sanarwarsu ta farko cewa ta yi ya rasu ne bayan wata matsalar rashin lafiya. Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17, ita ta tsaya da wayarta ta ɗauka ba tare da ta yanke ba, kuma bidiyon nan yana cikin hujjojin da aka kama Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan Floyd da gwiwa, da laifin kisa da su a 2021. A Kenya, lokacin rikicin bayan zaɓen 2007, wasu matasa suka kafa shafin intanet mai suna Ushahidi, mutane suna tura saƙon waya kan abin da suka gani ana sa wa a taswira. A Koriya ta Kudu tun shekarar 2000 aka buɗe shafin labarai na OhmyNews, talakawa ke rubutawa, ƙwararrun editoci suna tantancewa kafin a wallafa.

Mu 6 ne muka haɗu muna gwada irin wannan. Duk wanda ya turo bidiyo sai ya faɗi rana da wuri da bakinsa a ciki, ya juya kyamara a ga hagu da dama, ya turo shi cikakke. Idan ba mu samu mutum na biyu da ya ga abin ba, ba ma saki. Sau da yawa an riga mu, kuma akwai ciwo ka ga wani ya kwashe mabiya da abin da kai ka riƙe kana bincike.

Dattijo Mai Rediyo:
Ɗana, Allah Ya yi albarka, amma ina da tambaya. Facebook da YouTube da kuke sakawa a ciki, ba kamfanoni ba ne su ma? Talla suke ci, kuma abin da ya fi tayar da hankali suke turo wa mutum gaba. Sannan wa zai biya ku ku yi wata shida kuna bin takardun kwangila ɗaya? Wa zai ɗaukar muku lauya ranar da aka kai ku kotu? Ni ban yar da manyan tashoshi ba. Uku nake kallo, abin da duka ukun suka haɗu a kai shi nake riƙewa, sauran in jira kwana biyu.

Ɗalibin Aikin Jarida:
Baba, maganar lauyan nan ita ke hana ni barci. Kuɗin data ma karo-karo muke yi.

Malamar Firamare:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Bayan na karanta naku na tambayi abokan aikina, ashe wata malama ta ɗauki bidiyon tattakin, minti 52, har da inda muke kashe tayar. Ƙanena ɗalibi, zan turo maka ka duba, na kuma samo mutum biyu da za su shaida. Yaya mai tacewa, idan an zo ragewa ina so kai ka zauna a kai, ka bar dattijon nan mai sanda a ciki, da inda yake lissafa watannin da ba a biya mu ba.