Ruwan akwatin kifina ya rine tun da na saka itace

Baban Amira, Gyaɗi-Gyaɗi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 120 a falo, akwai kifaye irin su gufi da tetra da filako guda, wannan mai manne wa gilashi. Kwanan baya na sayo guntun itace wurin wani mai kayan kifi a Sabon Gari, ya ce mini mopani ne, daga kudancin Afirka ake kawo shi. Nauyi gare shi, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya duhu, ina sakawa ya nutse. Ɗauraya kawai na yi masa a famfo.

Ba a jima ba ruwan ya fara rinewa, yanzu kam ya zama kamar shayin da ba a zuba wa madara ba. Na kwashe rabi na zuba sabo, washegari ya soma komawa. Ga kuma wani farin abu mai yauƙi ya fito a jikin itacen. Kifayen suna cin abincinsu, suna yawonsu, ba wanda ya mutu, amma hankalina bai kwanta ba. Uwargida ta ce ruwan ya lalace, duk baƙon da ya shigo kuma sai ya tambayi yaushe rabon da a wanke. Zai cutar da su? In cire itacen ne?

Malam na Gwammaja

Wa'alaikumus salam Baban Amira. Kwantar da hankalinka, ruwanka bai lalace ba. Abin da kake gani sinadarin tanin ne yake tsatsowa daga cikin itacen. Mu mutanen Kano ba baƙonmu ba ne, shi ne a cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita tun kaka da kakanni. Kusan kowace bishiya tana da shi, sai dai mopani yana cikin masu yawan zubarwa, kuma yana daɗewa yana yi, wata da watanni. Zafin garin nan ma yana ƙara masa gudu, don ruwa mai ɗumi ya fi saurin jawo shi.

Kafin komai ka yi wannan gwajin. Ɗebi ruwan a kofin gilashi, ka ɗora a kan farar takarda kusa da taga. In ka ga ruwan ƙasa-ƙasa ne amma garau, kana hango takardar sosai, ba wari, to tanin ne. In kore ne, gansakuka ce, haske ya yi wa akwatin yawa. In fari ne dishi-dishi, ƙwayoyin bakteriya ne suka yi yawa, galibi a sabon akwati ko inda ake cika abinci. Wanda zai tayar da hankali shi ne rawaya mai ɗoyi, kifi suna taruwa a sama suna haki. Wannan ƙazanta ce, sai a auna amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, nan take.

Tetra ɗinka kuwa gida suka samu. Da yawansu asalinsu daga ƙoramun yankin Amazon ne, kuma akwai kogin Rio Negro da ke haɗuwa da Amazon a birnin Manaus na Brazil, ruwansa baƙi ne saboda ganye da itatuwan da ke ruɓewa a ciki, ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsamin ruwa wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, yakan sauka ƙasa da 5. Can ne mahaifar nau'in tetra da ake kira kadinal. A ruwa irin wannan kalarsu ta fi fitowa, sun fi sakewa, ba sa yawan firgita. Filako ma yana kankarar itace, shi zai taya ka cinye farin yauƙin nan, wanda dama da kansa yake ɓacewa cikin 'yan makonni. In ya dame ka, ka goge shi da sabon buroshin haƙori.

Gufi ne kawai zan ce ka sa wa ido, don sun fi son pH daga 7 zuwa sama. Tanin yana ɗan sauke pH, amma ya danganta da ruwan da kake amfani da shi. In ruwan burtsatse ne irin mai barin farin ɓawo a gindin buta, ma'adinan cikinsa suna riƙe pH, da kyar ka ga ya motsa. In ruwan ba shi da ma'adinai sosai, zai iya sauka. Ka sayi abin gwajin pH, ba shi da tsada, ka riƙa aunawa duk mako. Mai kiwon kifayen tafkin Malawi, masu son 7.8 zuwa 8.6, shi ne zan ce ya haƙura da mopani.

Ni a ra'ayina kada ka sake kwashe rabin ruwa lokaci guda saboda kala kawai. Sauyin kwatsam ya fi rinin wahalar da kifi. Kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari duk mako ya isa, kuma in ruwan famfo ne ka sa maganin kashe kulorin kafin ka zuba.

Maman Hanif, Tarauni

Ni dai gaskiya ina bayan uwargida, farin ruwa ya fi kyau a falo. Nawa da na sayo dafa shi na yi, kamar awa biyu, ruwan farko ya fito baƙi ƙirin na zubar. Daga nan na jiƙa shi a bokiti ina sauya ruwa kullum har ya daina rina sosai, sannan na saka. Har yanzu yana ɗan yi, amma sai ka lura. Malam, wata maƙwabciyata ta ce in an sa gawayi a filta, wato matatar ruwan akwatin, yana tsotse kalar. Gawayin girki ake nufi?

Malam na Gwammaja

A'a Hajiya, kada a sa na girki. Wanda ake nufi gawayi ne da aka sarrafa a masana'anta da zafi mai tsanani, har ya yi ƙananan ramuka marasa adadi da ke kama tanin. Masu kayan kifi suna sayar da shi a ƙunshe, kabon suke ce masa. A ɗauraye ƙurarsa, a sa a jakar raga cikin filta, cikin kwana biyu zuwa uku za a ga bambanci. Yana cika, don haka ana sauya shi bayan mako uku zuwa huɗu. Akwai kuma wani abin tace ruwa mai suna Purigen na kamfanin Seachem, ya fi tsada amma ana iya farfaɗo da shi a sake amfani. Gawayin girki na kasuwa kuwa ba ka san itacen da aka ƙona ba, ga toka, toka kuwa tana ɗaga pH. Kuma a cire kabon duk lokacin da ake yi wa kifi magani, don maganin ma tsotse shi yake yi.

Ɗan Fagge

Bari in ƙara abu ɗaya, don na ga matasa suna tsinto itace a bakin ruwa don gudun kashe kuɗi. Ku guji na kogin Challawa da na Jakara, ruwan masana'antu da na kwatami yana shiga cikinsu, kuma dafuwa ba ta fitar da guba irin ta kuromiyam. Haka ɗanyen itace mai ƙaro, da darbejiya, da katakon kafinta da aka yi wa fenti ko maganin gara. Wannan ba rini za su yi ba, kisa za su yi.

Baban Amira, Gyaɗi-Gyaɗi

Allah Ya saka da alheri. Na yi gwajin kofi, garau yake, ba wari. Mun daidaita da uwargida: zan ciro shi in dafa, in sa kabon, ɗan rinin da ya rage a bar wa tetra. Sai dai itacen ya fi duk tukwanen gidan tsawo.

Malam na Gwammaja

Dafa rabi, ka juya ka dafa ɗaya rabin. Ka nemi tsohuwar tukunyar da aka daina girki da ita, don zai rina ta, kuma kada sabulu ko omo ya taɓa itacen. Ka bar shi ya huce sarai kafin ka mayar.