Musayar Baitoci: Wa Zai Biya Kuɗin Zafin Nan?

Malam Na Gashuwa:
Assalamu alaikum. Ga 'yan baitoci kan sauyin yanayi, duk mai abin faɗa ya amsa da waƙa.

Bismillahi, da sunansa nake farawa,
Mai saukar da ruwa a kowace shekara.

Salati ga Annabi, sannan in kawo kuka,
Kan zafin da ya addabi bakin Sahara.

Kakanninmu sun ja taru a Tafkin Chadi,
Yau gurbin ruwan an shuke shi da masara.

Hayaƙin da ya ɗumama duniyar nan,
Masana'antun Ingila ne suka fara.

Afirka duka, in an kasa hayaƙin ɗari,
Namu bai kai huɗu ba, mu ke kwasar asara.

A Kofanhegan, 2009, aka ɗau alkawari,
Dala biliyan 100 ga matalauta duk shekara.

An sa wa'adin 2020, ta zo ta wuce shiru,
Sai 2022 suka ce ya cika, mun gaji da jira.

Mafi yawansa kuma rance ne za a biya,
An ƙona maka rumbu, an ba ka bashi ka gyara.

Hajiya Mai Ƙosai, Kano:

Malam, sannu da ƙoƙari, ga nawa ra'ayi,
Ni mai tuya ce, a bakin wuta na san yanayi.

An ce mu bar itace, hayaƙi na cin ido,
Na sayi tukunyar gas, na jingine murhun gawayi.

Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin mai,
Naira ta faɗi, kilon gas ya ƙara nauyi.

Yau tukunyar na bayan ƙofa, ƙura ta rufe ta,
Na koma gun mai buhu, yana auna min gawayi.

Na san kowane buhu bishiya ce aka kayar,
Yaran da ke jiran tuwo ba sa jiran sauyi.

Masu ba mu umarni su zo su tsaya a kaskona,
Su faɗa min da me zan dafa, su bar ɗakin sanyi.

Alhaji Na Tasawa:

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ba ki da laifi,
Mu ma a Nijar mun ɗanɗana ciwon sarewa.

Bayan yunwar 1984 gonakinmu sun zama faƙo,
Iska na binne iri tun kafin tsirowa.

Sai manoma suka daina tumɓuke kututture,
A zaɓi reshe biyu, a sassabe saura, yana girmawa.

Gawo ya zubar da ganye da damina, hatsi ya sha taki,
Da rani 'ya'yansa bisashe ke cinyewa.

Daga Maraɗi har Damagaram, itace wajen miliyan 200,
Da lauje da gatari, aikin talakawa.

Katangar itatuwan da aka zana tun 2007,
Daga Senegal zuwa Jibuti, har yau tana rarrafawa.

Uraniyom ɗin Arlit ya daɗe yana haska Faransa,
Yawancin ƙauyukanmu tocila suke haskawa.

Ɗalibi Daga Zariya:
Iyayena, na rusuna. A ba yaro ɗan fili.

Baba Alhaji, naku ya yi kyau, Allah ya ƙara,
Bari in faɗi yadda manya ke wasa da aiki.

A Faris, 2015, ƙasashe suka amince
Ƙarin zafi ya tsaya ƙasa da digiri 2, aka yi biki.

Trump ya fitar da Amurka, Biden ya maido ta,
A 2025 Trump ya sake ran da ya karɓi mulki.

Da Rasha ta afka wa Yukiren, gas ya yanke wa Jamus,
Suka tayar da tashoshin kwal don samun lantarki.

Su ne kuma suka ce a daina zuba kuɗi
A haƙar gas ɗinmu, alhali da shi ake yin taki.

Sin ta fi kowa hayaƙi a yau, kusan sulusi,
Ita ta sa sola ta yi araha har ta hau rufin ɗaki.

A Baku, 2024, an nemi dala tiriliyan 1.3,
Aka yanke biliyan 300, wakilai suka fito da tsaki.

Ni dai na ce a bar mu mu mori gas ɗinmu,
Har Hajiya ta kunna nata, masaƙa ta koma aiki.

Yaya Ta Yerwa:

Ɗana, duk na ji, amma kun kai ƙara nesa,
Ku dawo gida, akwai sauran magana.

Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle,
Ruwa ya shigo Yerwa cikin dare, jama'a na kwana.

Na ga mata ɗauke da jarirai a ka, ruwa iya ƙirji,
Buhunan hatsi a kasuwa sun jiƙe, sun zama ɓarna.

Kada da macizai sun fito daga gidan zu,
An yi irinta a 1994, wa ya tuna?

Shekara 30 tsakani, wane Bature ya hana
A gyara madatsa, a yashe magudana?

Kuɗin muhallin da ake raba wa jihohi,
A nuna mana inda suka shiga, da suna.

Buhari ya yi alkawarin kawar da hayaƙi zuwa 2060 a Gilasgo,
Gas na ci bal-bal a Neja Delta dare da rana.

Tawagarmu ta taron yanayi a Dubai ta haura mutum dubu,
Me suka kawo wa wadda ta rasa gida da gona?

Malam Na Gashuwa:

Yaya, kin taɓa wurin da ke ciwo, ban musa ba,
Sakacin namu na gida ya fi ba ni haushi.

Sai dai laifin namu ba ya goge lissafi,
Mai hayaƙin shekara 200 yana ɗauke da bashi.

A Masar, 2022, aka amince da asusun asara,
Bayan wajen shekara 30 ƙananan tsibirai na nishi.

A Dubai alkawarin ya kai dala miliyan 700,
Pakistan kaɗai, ambaliya guda, biliyan 30 ne rashi.

Ɗalibi, kai ke riƙe da alƙalami, raba mana,
Nawa zai iso Yerwa kafin ruwan baɗi ya tashi?