"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": bulala ake nufi?

Malamar Aji Uku, Gusau:
Assalamu alaikum. A taron iyaye da malamai na jiya wani uba ya miƙe ya ce mu daina jin tausayin ɗansa, mu riƙa zane shi kullum, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron shekararsa 9. Ba ya zama wuri ɗaya, yana cin zalin ƙanana, in ina magana kamar da bango nake. Na zane shi, na sa shi kamun kunne da tsallen kwaɗo, abin sai gaba yake yi. Wallahi da damuwar yaron nan nake kwana. Shin karin maganar nan duka take nufi?

Baban Sadiya, Jega:
Malama, uban nan gaskiya ya faɗa. Mu da tsumagiya muka tashi a makarantar allo, da dorina a firamare, kuma ga mu mun zama mutane. Ai shi ya sa aka ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Ko sallah ma an ce a daki yaro a kanta.

Tsohon Masunci, Argungu:
Ɗana Baban Sadiya, ka taɓa tanƙwara icce da hannunka? Ni na yi shekaru ina haɗa homa, wato ragar kamun kifi mai bakin icce. In ka saro icce ɗanye ba ka kama shi da ƙarfi ka murɗe ba, nan take zai tsage, ka yi asararsa. A hankali ake lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya, a bar shi ya kwana. Gobe a ƙara jan igiyar kaɗan. Har ya bushe a yadda kake so, ko ka kwance ba ya miƙewa. Wanda ya fara faɗar maganar nan ya san aikin icce. Maganar lokaci yake yi, wato ka fara da wuri. Da duka yake nufi ai da busasshen icce zai ambata, shi ne ake sa wa gatari.

Malamin Islamiyya, Gummi:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Hadisin da Baban Sadiya ya taɓo yana cikin Abu Dawuda: a umurci yara da sallah suna shekara 7, a dake su a kanta suna shekara 10. Ku lura da shekara ukun da ke tsakani, shekara uku cur na tunatarwa da baki, sau biyar a rana. Mu kuwa minti uku ba ma iya yi. Kuma malamai sun sa sharaɗi: ba a fuska ba, ba mai rauni ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Ban ce babu horo ba, amma yawancin dukan da nake gani huce haushin babba ne.

Ma'aikaciyar Jinya, Anka:
Malama, kafin ki ce yaro ba ya ji, ki tabbatar kunnen nasa yana ji ɗin. Sanƙarau yana barin yaro da kurumta, kuma kun san yadda ya yi mana a Zamfara a 2017. Ciwon kunne mai ruwa ma yana rage ji. Ki tsaya a bayansa ki kira sunansa a hankali ki gani.
Na biyu, mu nan ba za mu manta gubar dalma ta 2010 ba, a Bagega da Dareta da 'Yargalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaron da ya tsira zai iya tashi da saurin fushi da kasa riƙe karatu. Sai kuma yaran da suka ga harin 'yan bindiga da idonsu: firgita cikin barci, fitsarin kwance, faɗa ba dalili. Irin wannan yaron in ka ƙara masa bulala, tsoro ka ƙara masa.

Baban Sadiya, Jega:
Na ji, Hajiya, amma ba kowane yaro ne mara lafiya ba. Wasu sangarta ce kawai. Mai ɗa wawa ne, ka tsawata wa yaro uwarsa ta sako mayafi ta zo makaranta da faɗa.

Inna Ta Bunza:
Nan kam ina bayanka. Uba ya hana, uwa ta ba a ɓoye, ina yaro zai tsaya? Igiyar da Baba ya faɗa ita ce iyaye da malami su zama baki ɗaya. In kin ce yau ba ƙwallo, to ba ƙwallo, ko zai yi birgima. In ya yi abin kirki kuma a sa masa albarka a gaban mutane. Sannan barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaron da yake ganin ana marin uwarsa, shi ma ƙanana zai mara.

Malamar Aji Uku, Gusau:
Na gode ƙwarai. Yau na dawo da shi bencin gaba, na damƙa masa alli da goge allo. Na kira shi ta baya, sai a kira na uku ya waiwayo. Yayarsa kuma ta ce min bara suka baro ƙauyensu da dare. Ina so a kai shi asibiti a duba kunnen, amma yaya zan tunkari uban ba tare da ya ga na ƙaryata shi ba?

Baban Sadiya, Jega:
Kada ki yi masa maganar a gaban jama'a, Malama. Ki sa hedimasta ya kira shi ofis su biyu, a fara da yabon yaron, sannan a kawo zancen kunnen. In kuɗin mota ne matsalar, ki yi min magana.