Wayar hannu ta hana mu hira a gida, ina mafita?

Mahaifi daga Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku, domin tun da na saya wa ɗana babbar waya don karatunsa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba ya ɗaga kai ko a wurin cin tuwon dare, kuma sau da yawa ina hango hasken wayar ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinsa har ƙarfe biyu na dare, asuba kuwa sai an yi ta bugun ƙofa. Shin in karɓe ta ne?

Ɗan kasuwar albasa:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ni ban ga laifin wayar ba. Da ita nake jin farashin buhu a Goronyo kafin in ɗauki mota, kuma lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, ba don tura kuɗi ta waya ba da albasata ta ruɓe a rumfa. Kada ka karɓe.

Malamar sakandare daga Arkilla:
Alhaji, karɓewa za ta cutar da karatunsa, tunda yanzu sanarwar darasi da takardun karatu ta WhatsApp ake turo su. Matsalar tana ga bidiyon TikTok da Facebook, waɗanda aka tsara su yadda ɗaya na ƙarewa wani ya shigo. A cikin saitin wayar akwai wurin da ke nuna awannin da aka ɓata a kowace manhaja. Ku zauna ku duba tare. A gidana, bayan sallar isha'i kowa yana ajiye tasa a falo, har ni.

Mahaifi daga Mabera:
Na gode, Malama. Gaskiya ni ma sai na fara da tawa.